Microsoft Daga Ballmer Zuwa Nadella: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Auna Shugaban Babban Kamfanin Fasaha

Duk lokacin da babban kamfanin fasaha ya fitar da kayan da bai karɓu ba, nan da nan sai a fara kiran shugabansa ya sauka. Wani lokaci masu kiran suna da gaskiya, wani lokaci gaggawa ce kawai. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi sawun abin da ya faru a Microsoft, domin labari ne da ya riga ya kai ƙarshe, ana iya duba shi tun daga tushe a ga inda masu suka suka dace da inda suka zalunci mutum.

Me ya sa Microsoft, alhali ga kamfanoni birjik?

Domin a nan ne aka ga abin da ke rikita mutane: kamfani yana samun riba fiye da kowane lokaci a tarihinsa, amma kuma yana rasa gobensa a lokaci guda. Da a ce asara yake tafkawa, da hukunci ya zo da sauƙi. Sannan an yi canjin shugabanci a 2014, daga Steve Ballmer zuwa Satya Nadella, an kuma samu shekaru sama da goma ana kallon sakamakon.

Wane ne Steve Ballmer, kuma ta yaya ya hau kujerar?

Abokin Bill Gates ne tun suna Jami'ar Harvard. Gates da Paul Allen ne suka kafa Microsoft a 1975, Ballmer kuwa ya shigo a 1980, shi ne ma'aikaci na 30, kuma mutum na farko da aka ɗauka don ya riƙe harkar kuɗi da ciniki. Lissafi da tattalin arziki ya karanta, ba mai rubuta manhaja ba ne. Gwanintarsa sayarwa ce: ya san yadda ake zama da manyan kamfanoni da gwamnatoci a ƙulla yarjejeniyar shekaru.

A watan Janairun 2000 Gates ya miƙa masa shugabanci. Lokacin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet tana dab da rushewa, ga shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar tun 1998 kan zargin danne abokan hamayya. A watan Yunin 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, sai a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni. Tarayyar Turai ma ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 497 a 2004. Duk mai son yi wa Ballmer adalci dole ya tuna da wannan: shekarunsa na farko sun tafi ne wajen kashe gobarar da ya gada.

An ce riba ta ninka a zamaninsa. To me ya sa ake cewa bai yi nasara ba?

Gaskiya ne ta ninka. A shekarar kuɗi ta 2000 cinikin Microsoft ya kai kusan dala biliyan 23. A 2013 ya kusa biliyan 78. Ribar da ta rage bayan an cire komai ta tashi daga biliyan 9 da ɗoriya zuwa kusan biliyan 22. Ɗan kasuwar da ya ninka cinikinsa sau uku a shekara 13, a ko'ina za a ce masa sannu da ƙoƙari.

Amma farashin hannun jarin kamfanin ya ƙi motsawa. Ya kai ƙololuwarsa a ƙarshen 1999, ya faɗo, kuma bai sake taka wannan matsayi ba sai a 2016, bayan Ballmer ya tafi. Wani ɓangare na wannan ba laifinsa ba ne, domin farashin 1999 ɗin ya kumbura fiye da ƙima. Sai dai akwai abin da masu zuba jari suke faɗa da wannan shirun nasu. Riba tana nuna abin da aka shuka jiya ne. Farashin hannun jari kuwa hasashen gobe ne. Kuɗin Microsoft a lokacin daga Windows da Office da manhajojin manyan kwamfutocin ofisoshi suke fitowa, wato shanun tatsa da aka gada ko aka kiwata a kan tsohon tsari. Mutane kuwa sun fara barin kwamfutar tebur suna komawa wayar hannu, inda kamfanin ba shi da ta-cewa.

A nan ne nake ganin yawancin masu muhawara suke ɓata. Mai kare shugaba sai ya ɗauko takardar riba, mai suka sai ya ɗauko farashin hannun jari, kowa yana ganin hujjarsa ta isa. Tambayar da ta fi su duka ita ce: daga ina ribar take fitowa, kuma wannan rijiyar shekara nawa ta rage mata?

Ina ne ainihin inda aka yi kuskure?

A waya. Sauran kura-kuran ana iya yafe su, wannan ne ya bar tabo.

Abin takaicin shi ne Microsoft ba ta makara ba. Tana da manhajar Windows Mobile a kan wayoyi shekaru kafin iPhone ta fito. Da Apple ta nuna iPhone a Janairun 2007, Ballmer ya yi dariya a wata hira, ya ce dala 500 ta yi tsada, kuma waya marar madannan rubutu ba za ta burge ma'aikatan ofis ba. A kan lissafin ranar, maganarsa ba shirme ba ce. Kuskuren shi ne ya auna sabon abu da mudun tsofaffin kwastomominsa. Google kuwa ta saki Android kyauta ga masu ƙera waya, alhali Microsoft ta saba karɓar kuɗin lasisi a kan kowace na'ura. Barin wannan kuɗi yana nufin taɓa tsarin da ya yi wa kamfanin arziki, shi ya sa aka yi ta jan ƙafa. Sai a ƙarshen 2010 Windows Phone 7 ta fito, kasuwa kuwa ta riga ta karkata ga Apple da Google.

Me ya cinye hankalin kamfanin a waɗannan shekaru? Windows Vista. An saki Windows XP a Oktoban 2001, magajiyarta kuwa ba ta isa hannun jama'a ba sai Janairun 2007, bayan an rushe aikin an sake shi a 2004. Da ta fito ma sai ta zo da nauyi, ga na'urorin buga takardu da sauran kayan aiki da suka ƙi yin aiki da ita. Ballmer da kansa ya amsa a 2013 cewa babban abin da yake nadama shi ne ƙwararrun injiniyoyin da aka ɗaure a kan Windows a farkon shekarun 2000, maimakon a juya su ga waya.

Sai kuma aka yi ƙoƙarin gyara da ƙarfin tsiya. Windows 8 ta fito a Oktoban 2012 da fuskar da aka tsara don taɓawa da yatsa, aka cire maɓallin Start da mutane suka saba da shi tun 1995. Ka ɗauki ma'aikaciyar ofis da ta shekara 15 tana kai linzami kusurwar hagu ta ƙasa kowace safiya. Ta kunna sabuwar kwamfuta, sai ga manyan akwatuna masu launi sun cika allo, ta rasa inda za ta buɗe wasiƙar jiya, ta rasa ma inda ake kashe na'urar. An hukunta wanda ke biyan kuɗi ne saboda ana zawarcin wanda bai zo ba.

Akwai wasu: na'urar kiɗa ta Zune ta 2006 da ta kasa ja da iPod, wayar Kin ta 2010 da aka janye cikin ƙasa da wata biyu, kamfanin talla na aQuantive da aka saya kan dala biliyan 6 da ɗoriya a 2007 aka kuma shafe kusan duka kuɗin a matsayin asara a 2012, da allon Surface RT da ya jawo asarar dala miliyan 900 a 2013.

Sayen Nokia fa? Ba dabara ba ce?

Wannan tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin a ƙasar Hausa da wuya a samu gidan da Nokia ba ta shiga ba. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, ita ce wayar kowa. Nokia 1100 mai tocila, wadda ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Waya ce da za ta faɗi a ƙasa, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, a tattara a haɗa ta ci gaba da aiki, cajinta kuma ya yi kwanaki.

A 2010 Nokia ta ɗauko Stephen Elop daga Microsoft ta ba shi shugabanci. A Fabrairun 2011 ya sanar da cewa kamfanin zai jingine manhajarsa ta Symbian ya rungumi Windows Phone. Wayoyin Lumia da suka biyo baya suna da kyan jiki da kyamara mai kyau, amma shagon manhajojinsu fayau. Masu rubuta manhaja ba sa zuwa saboda masu saye ba su da yawa, masu saye ba sa zuwa saboda manhajoji ba su da yawa. Kason Windows Phone a kasuwar duniya bai taɓa wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba.

A Satumban 2013, kwanaki kaɗan bayan ya sanar da zai sauka, Ballmer ya ƙulla sayen sashen wayoyin Nokia kan kimanin dala biliyan 7.2. An kammala cinikin a Afrilun 2014, lokacin da shi ya riga ya tafi. A Yulin 2014 aka sanar da sallamar ma'aikata 18,000, kimanin 12,500 daga cikinsu mutanen Nokia ne. A Yulin 2015 aka shafe dala biliyan 7.6 a matsayin asara, aka ƙara sallamar wasu 7,800. Nadella ya bayyana daga baya cewa da aka nemi ra'ayin manyan jami'ai kafin cinikin, shi bai goyi baya ba.

Abin da ya fi damuna a nan ba kuɗin ba ne. Shugaba mai barin gado ya ɗaure wa magajinsa kaya mafi nauyi a daidai bakin ƙofa, dubban iyalai a Finland, ƙasar Nokia, da wasu ƙasashe kuma su ne suka biya. Kwamitin daraktoci da ya san mutum zai tafi bai kamata ya bar shi ya yi irin wannan ciniki ba.

To ke nan babu abin kirki da Ballmer ya bari?

Akwai, kuma masu sukarsa ba sa son a faɗa. Abin da ya ɗaga Microsoft a yau a zamaninsa aka dasa shi. Azure, wato tsarin ba kamfanoni hayar ƙarfin kwamfuta da ma'ajiya ta intanet maimakon su sayi nasu injinan, an sanar da shi a 2008, ya fara aiki sosai a 2010. Office 365, wadda ta mayar da Office abin biya wata-wata, ta fito a 2011. Na'urar wasan bidiyo ta Xbox ta fito a 2001. Ya yi ta zuba kuɗi a Bing, manhajar bincike a intanet, shekara da shekaru tana asara, amma a can ne injiniyoyin kamfanin suka koyi sarrafa manyan rumbunan kwamfutoci. Kuma shi ne ya ɗauki Satya Nadella a 2011 ya ɗora shi a kan sashen da ke kula da Azure.

Har da sa'a a ciki. A 2008 ya taya Yahoo dala biliyan 44.6, masu ita suka ƙi sayarwa. Da sun yarda, da labarin ya fi haka muni.

Laifinsa ne shi kaɗai?

A'a. Gates ya ci gaba da jagorantar tsarin manhajoji har 2006, ya bar aikin yau da kullum a 2008, ya kuma riƙe shugabancin kwamitin daraktoci har 2014. Aikin da ya zama Vista a gabansa aka yi shi. Kwamitin da wanda ya kafa kamfani yake jagoranta, shugaban kamfanin kuma amininsa ne na shekara 30 da ɗoriya, su biyun kuma su ne manyan masu hannun jari, da wuya ya iya buɗe baki ya ce lokaci ya yi.

Akwai kuma al'adar cikin gida. Kamfanin yana da tsarin auna ma'aikata da ke tilasta wa kowane manaja ya jera mutanensa daga na sama zuwa na ƙasa, dole wasu su faɗa sahun baya ko da kowa ya yi ƙoƙari. Sakamakon shi ne gwani ba ya son zama rukuni ɗaya da gwani, abokin aiki ya zama kishiya. An soke tsarin a Nuwamban 2013.

Alama mafi ƙarfi ita ce ficewar manya. Ray Ozzie, wanda ya gaji Gates a kan tsarin manhajoji, ya tafi a ƙarshen 2010. Robbie Bach na sashen Xbox ya tafi a shekarar. Bob Muglia ya bi su a 2011. Steven Sinofsky na Windows ya tafi a Nuwamban 2012, makonni kaɗan bayan fitar Windows 8. Kusan duk wanda ake yi wa kallon magaji sai da ya bar gidan.

Korar sa aka yi ko da kansa ya sauka?

A hukumance da kansa ya sauka. Ranar 23 ga Agustan 2013 ya sanar da zai bar aiki cikin wata 12. Amma akwai matsin lamba. A shekarar wani kamfanin zuba jari mai suna ValueAct ya sayi hannun jari na kusan dala biliyan 2, ya kuma nemi kujera a kwamitin daraktoci, ya samu. Wata guda kafin sanarwar Ballmer ya sake fasalin kamfanin gaba ɗaya, abin da ba ya nuna mutum mai shirin tafiya. Ranar da ya yi sanarwar, farashin hannun jari ya tashi da kusan kashi 7 cikin 100. Mutumin da ya ba kamfani shekara 33 na rayuwarsa, wannan ba abu ne mai sauƙin haɗiya ba, kuma an ga hawayensa a taron bankwana da ma'aikata.

Me ya sa aka ɗauki ɗan gida, alhali ana neman canji?

Kwamitin neman magaji, ƙarƙashin John Thompson, ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin, ya shafe fiye da wata biyar. An yi ta ambaton Alan Mulally na kamfanin motoci na Ford, da Elop, da Tony Bates da ya zo daga Skype. Da yawa daga masu zuba jari bare suke so, wanda zai zo ya yanka ba tare da jin nauyin kowa ba. Mulally ya ce a Janairun 2014 zai ci gaba da zama a Ford. Ranar 4 ga Fabrairu aka naɗa Nadella, haifaffen Hyderabad ta ƙasar Indiya, injiniyan da ya shiga kamfanin tun 1992.

Ana yawan mayar da maganar ta zama zaɓi tsakanin ɗan gida da bare. Ni ina ganin abin dubawa shi ne daga wane ɗaki na gidan mutum ya fito. Nadella bai taso a Windows ba. Ya fito ne daga sashen da ke sayar da abin da kasuwa ta nufa, don haka ba shi da wata tsohuwar nasara da zai kare. Amazon ta yi irin wannan a 2021, da Jeff Bezos ya miƙa wa Andy Jassy, shugaban sashenta na hayar kwamfuta ta intanet.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a ranar naɗin Gates ya sauka daga shugabancin kwamitin daraktoci, Thompson ya hau. Ballmer ma ya bar kwamitin a Agustan 2014, shekarar da ya sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Clippers kan dala biliyan 2. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Disney ta gwada naɗa magaji a 2020 tsohon shugaba yana gefe, a 2022 sai ga tsohon ya dawo kujerarsa.

Me Nadella ya canza da gaske?

Ya daina tilasta wa kowane kaya ya yi wa Windows hidima. Cikin ƙasa da wata biyu da hawansa aka saki Office a kan iPad. Aikin tun zamanin Ballmer aka yi shi, abin da ya rage shi ne wanda zai ce a sake shi. Aka cire kalmar Windows daga sunan Azure. Linux, manhajar kyauta mai hamayya da Windows, wadda Ballmer ya taɓa kwatantawa da ciwon daji a 2001, aka buɗe mata ƙofa, domin masu hayar Azure da yawa ita suke amfani da ita. Ya haƙura da waya. Ya sayi LinkedIn kan dala biliyan 26.2 a 2016, GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, kan biliyan 7.5 a 2018, ya zuba biliyan 1 a OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT daga baya, a 2019 tun kafin ƙirƙirarriyar basira ta zama zancen kowa. Darajar kamfanin, da take kusan dala biliyan 300 ranar da ya hau, ta kai tiriliyan 1 a 2019, ta kai tiriliyan 3 a Janairun 2024.

Mai kallo daga waje, me zai duba kafin ya ce shugaba ya sauka?

Kaya ɗaya da ya faɗi ba hujja ba ce, kamfanin da ba ya kuskure ba ya gwada komai. A duba ko kura-kuran duk daga tushe ɗaya suke fitowa. Na Ballmer kusan duka daga kare Windows suka fito. A duba ko an taɓa ganin shugaban ya yarda wani sabon kayansa ya ci kasuwar tsohon. A duba su wane ne ke ficewa. Sannan a tambaya: in ya kwanta rashin lafiya gobe, akwai wanda kowa ya san zai riƙe? Apple ta amsa wannan tun kafin Steve Jobs ya sauka a Agustan 2011, domin Tim Cook ya riƙe kamfanin sau uku lokacin jinyarsa. Microsoft kuwa sai bayan sanarwa ta fara nema.

A ganina Ballmer ya kamata ya miƙa tun wajen 2010, da aka ga waya ta kuɓuce. Amma in da an yi hakan, da wuya a ce Nadella ne zai gada, domin a lokacin bai hau sashen da ya fito da shi ba.

Shi Nadella ba a sukarsa?

Ana yi, kuma da hujja. A 2014 ya ce wa mata a wani taro su dogara ga tsari maimakon neman ƙarin albashi, sai da ya janye ya nemi afuwa. A Janairun 2023 ya sallami ma'aikata 10,000 alhali kamfanin yana cin riba. A 2023 ɗin masu kutse da aka alaƙanta da China suka shiga akwatunan imel na jami'an gwamnatin Amurka ta hanyar tsarin Microsoft, wani kwamitin bincike na gwamnati kuma ya ce a 2024 kamfanin ya yi sakaci da tsaro. Ga kuma maƙudan kuɗin da ake zubawa a rumbunan kwamfutoci don ƙirƙirarriyar basira, waɗanda sai sun dawo da riba kafin a yaba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tun Yunin 2021 Nadella ya haɗa kujeru biyu, shugabancin kamfani da shugabancin kwamitin daraktocin da ke sa masa ido. A 2014 rabuwar waɗannan kujeru, da zaman wanda ba ɗan gida ba a kan ta biyun, suna cikin abin da ya ba shi sararin yin aiki. Yanzu ya haura shekara goma a kan mulki, kwamitin da zai gaya masa ranar miƙawa kuma shi ne yake jagorantar zamansa.